Wanda Ya Ji da Wanda Ya Gani

Kafin Steven Spielberg ya zauna shirya fim ɗin Schindler's List da kansa, sai da ya yi wa Roman Polanski tayin aikin. Polanski ya ƙi. A Krakow labarin ya faru, garin da 'yan Nazi suka killace Polanski da iyayensa yana ƙaramin yaro. Daga nan aka tafi da mahaifiyarsa sansanin Auschwitz da juna biyu, ba ta dawo ba. Mahaifin ya fita da ransa daga sansanin Mauthausen, yaron kuwa ya yi ta raɓewa a gidajen manoma Kiristoci har ƙura ta lafa.

Shi Spielberg a Amurka aka haife shi a 1946, an riga an gama Yaƙin Duniya na Biyu. A bakin manya ya ji labarin. Ya sha faɗin cewa da lambobin da aka zana a hannun wani da ya tsira, cikin masu koyon Turanci wurin kakarsa, ya fara koyon ƙirge. Da ya tashi fim a 1993 sai ya nemo mai ceto, Oskar Schindler, ɗan kasuwa ɗan jam'iyyar Nazi da ya kuɓutar da Yahudawa sama da 1,000. Fim ne mai girgiza zuciya, kuma bayansa ne Spielberg ya kafa gidauniyar da ta naɗi shaidar mutum fiye da 50,000. Sai dai fim ɗin yana riƙe wa mai kallo hannu: ga mugu, ga na kirki, ga yarinya mai jar riga don kada ido ya ɓata.

Polanski ya jira har 2002, ya ɗauki labarin wani, a wani gari: Wladyslaw Szpilman, makaɗin fiyano na Warsaw. A fim ɗin, The Pianist, ba jarumi. Ta taga muke hangen yadda aka wurgo tsoho daga bene da keken guragunsa, daga nesa, yadda mai ɓuya zai gani. Uban Szpilman ya sayi alewa ɗaya ya yanka ta shida, iyali suka ci, sannan aka loda su a jirgin ƙasa. Szpilman bai tsira da wayo ko ƙarfin hali ba. Wani ne ya fizgo shi daga layi, saura yunwa da jira.

Laifin da Polanski ya amsa a Amurka a 1977, na lalata yarinya 'yar shekara 13, yana nan a wuyansa, fim bai wanke shi ba. Amma in ana batun fina-finan nan biyu, nasa na fi gaskatawa, domin bai yi wa kowa alkawarin sakayya ba. Wilm Hosenfeld, hafsan Jamus ɗin da ya ciyar da Szpilman har ya ba shi rigar sanyinsa, ya aika masa neman taimako bayan an kama shi. Saƙon ya isa ba cikakken suna. A hannun Rashawa Hosenfeld ya mutu, a 1952.