Rigar sulke ta zamani: wane harsashi take tsarewa?

Mai bin titin Kongo daga Tudun Wada a Zazzau ya saba ganin jami'an tsaro a shinge ko a ƙofar banki, kowanne da baƙar riga mai kauri a ƙirji. Da yawa sun ɗauka duk wanda ya sa ta ya fi ƙarfin harsashi. Ba haka abin yake ba, kuma wannan zato yana iya cin rai.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Zazzau. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifida ran hawan Sallah ya ga yadda ake cusa auduga tsakanin ƙyalle, a bi ta da ɗinki layi-layi har ta yi tauri, a lulluɓe doki da mahayinsa. Kibiya kan shige ta maƙale, dafinta bai kai ga fata ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sun yi aiki ƙarni biyar, sai a 1903 bindigar Maxim ta Turawa ta nuna iyakarsu a Kano da Sakkwato.

Rigar yau mai laushi haka take aiki, sai dai zaren ne ya canza. A 1965 Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont a Amurka ta gano zaren Kevlar, wanda ya ninka ƙarfe ƙarfi sau 5 idan nauyinsu ɗaya. Ana jera saƙarsa ninki a kan ninki. Idan harsashi ya bugo, zaren ya cafke shi, ya baje masa kai, ya watsa ƙarfin bugun zuwa faɗin rigar.

Abin lura shi ne gudun harsashi, ba girmansa ba. Na ƙaramar bindigar hannu, mai kaurin milimita 9, yana tafiyar kusan mita 360 a daƙiƙa, kansa kuma a dunƙule yake, don haka riga mai matakin IIIA a ma'aunin Amurka tana tsare shi, har ma da .44 Magnum. Na AK-47 bai kai shi kauri ba, milimita 7.62 ne, amma yana wuce mita 700 a daƙiƙa, ga tsini. Huda rigar yake yi ya wuce. Ba abin da ke tare shi sai faranti mai tauri, kamar na ƙarfe ko na tangaran, da ake zurawa a aljihun gaba da na baya. Ko harsashin da rigar ta tsare yakan bar tabo, wani lokaci ya karya haƙarƙari. A wajen gwaji an yarda ya lotsa yumɓun da ake sawa a bayan rigar har milimita 44.

To, bindigar da 'yan bindiga ke riƙewa a dazukan Birnin Gwari da Giwa AK-47 ce. Abin da ke damuna shi ne ƙungiyar unguwa ko ƙaramar hukuma ta tara kuɗi ta sayo wa 'yan sintiri riguna marasa faranti, matasa su saki jiki su shiga gaba. Kafin a biya, a juya rigar a karanta tambarin ciki: mataki da ranar ƙira. Yawancin kamfanoni shekara 5 suke ba da tabbaci, kuma gumi da zafin bazara da shanya a rana duk suna raunana zaren.