Jirgin ruwa ƙirar bana ko ta bara: me za a duba kafin a kashe kuɗin jama'a?

Idan kogunan Gagare da Bunsuru suka cika da damina, wasu ƙauyukan Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda ba su da hanya sai kwale-kwale. Tun bayan hatsarin Gummi na Satumban 2024, inda manoma da dama suka nutse, ake kiran gwamnati ta sayo jirage masu inji. To, wanne za a saya, na bana ko na bara?

Sau tari bambancin bai wuce fenti da kujeru ba, sai dai farashi. Jirgin da aka shigo da shi daga Amurka yana ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a bayansa, ta gefen dama. Biyun ƙarshe su ne shekarar ƙirar. A nan asirin ɗan kwangilar da ya yi wa tsoho kwalliya yake tonuwa.

Inji ne ya cancanci gardama. Yamaha Enduro, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mashayin mai ne, amma gyaransa bai gagari makanikin babur ba. Sabon samfuri mai tsimin mai kuwa, in ya tsaya ana tsakiyar ambaliya, neman kayansa na iya kai mutum har Legas.