Tauraron ɗan adam ya ƙirga gawon Magariya da Dungas, amma bai san kuɗin tiya ba

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Damagaram zuwa Magariya ta Bande, ko ya karkata gabas ya nufi Dungas da Malawa, ya san abin da ido ke gani a tsakiyar rani. Gonaki sun bushe ƙamas, an kwashe kara, amma gawo na tsaye ta ko'ina, kore shar. Yaron da aka haifa bayan 1990 sai ya ɗauka haka ƙasar take tun fil azal. Dattawa sun san ba haka take ba. Bayan farin 1973, da kuma na 1984 wanda mutanenmu suka laƙaba wa El-Buhari, gonaki da yawa sun zama fili fetal. Iska kan taso ta binne shuka tun tana ƴar ƙarama, manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku kafin ta kama.

Daga nan ne manoma suka canja hannu. Idan an zo sassabe, maimakon a share komai a cinna wuta, sai a bar tsiron icen da ya fito da kansa, a rage masa rassa, a kiyaye shi har ya fi ƙarfin akuya. Shi ne ake kira sassaben zamani. A jihar Maradi wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa shi tun daga 1983. A nan kudancin Damagaram kuwa, yawancin aikin manoma ne suka yi shi da kansu, kuma dabbobi suka taimaka, domin akuya ko saniya in ta ci ƴaƴan gawo, irin yana fita cikin taki ya tsiro a gona. Riƙon gawo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Labarin da aka gada ya nuna sarakunan Damagaram na da sun kafa doka mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

Kowa ya san gonarsa da ta maƙwabcinsa, amma girman abin gaba ɗaya babu wanda ya san shi, har a Yamai. Rahotannin duniya na ta cewa hamada na cinye Nijar. Sai da aka leƙo daga sama.

Abin da na'ura ke gani a jikin ganye

Tun 1972 Amurka ta fara harba jerin taurarin ɗan adam masu suna Landsat, aikinsu ɗaukar hoton ƙasa. Na yanzu suna kewaya duniya a nisan kilomita 705 daga ƙasa, kuma kowanensu yana dawowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16. Ke nan, Hajiya mai sayar da kuka, sau biyu a wata ɗaya daga cikinsu yana wucewa ta kan rumfarki ba ki sani ba.

Yadda suke gane tsiro ba wuyar fahimta gare shi ba. Hasken rana haɗe yake da launuka iri-iri, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske domin da shi yake haɗa abincinsa, sannan ya mayar da wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani amma na'ura na gani. Yashi da dutse ba sa yin haka. Saboda haka idan na'ura ta ga wuri ya shanye ja, ya kuma mayar da wancan ɓoyayyen haske da yawa, an san akwai ɗanyen ganye a wurin.

A nan halin gawo ya yi rana. Kowa ya san shi da saɓa wa sauran itatuwa: da damina, lokacin da kowane ice ke yin ganye, shi zubarwa yake yi, sai rani ya yi sannan ya tofo. Manomi na son haka domin inuwarsa ba ta danne hatsi, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Mai duba hoto ma yana so, domin a watan Janairu ko Fabrairu babu hatsi babu wake a gona, duk ɗigon kore da ya gani ice ne.

To me ya sa aka daɗe ba a gani ba? Idon Landsat bai da kaifin da zai ware ice ɗaya. Ɗigo guda a hotonsa fili ne mai mita 30 a kowane gefe, gawo biyu ko uku da ke warwatse a ciki sai su ɓace cikin yashi. Sai daga 2004 ne wasu masana, Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, suka ɗauko tsofaffin hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 suka jera su da sababbin hotuna masu kaifi, suka kuma taka da ƙafa suka shiga gonaki. A 2006 Mahamane Larwanou, masanin itatuwa ɗan ƙasar nan, da abokan aikinsa suka fitar da bincike a kan Magariya da Matamaye da Mirriya. A lokacin Dungas tana cikin gundumar Magariya, sai a 2011 aka ware ta. Sun gano wajen eka miliyan 1 ta cika da itatuwa, mafi yawansu gawo. A 2009 lissafin ƙasa baki ɗaya ya fito: eka miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi da aka kimanta da tan 500,000 a shekara. A wasu wuraren ma iyakarmu da Najeriya ta fito a hoto, ɓangaren Nijar ya fi cika da itatuwa, alhali ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya, jama'a ɗaya.

Da wannan ma'aunin ake neman rai a wasu duniyoyi

A watan Disamba na 1990, wani kumbo marar matuƙi mai suna Galileo, wanda aka tura duniyar Jupita, ya biyo ta kusa da duniyarmu. Wani masani ɗan Amurka, Carl Sagan, ya ba da shawara a juyo na'urorin kumbon su dubi ƙasa kamar baƙon da bai taɓa saninta ba, a ga ko za su iya gane akwai rai a nan. Amfanin gwajin shi ne, na'urar da ta kasa gano rai a inda aka tabbata yana nan, ba abin dogaro ba ce a wani wuri. Ɗan kasuwa ma sai ya gwada sikelinsa da dutsen da ya san nauyinsa kafin ya auna kayan mutane.

A 1993 aka bayyana sakamako. Kumbon ya ga ruwa. Ya ga iskar da muke shaƙa da yawan da ke da wuyar bayani in babu tsirrai. Ya ga iskar nan da ke fita daga cikin shanu da fadamun shinkafa, wadda da babu masu sabunta ta kullum da tuni ta ƙare. Ya kuma ga wani abu da ya rufe sassan ƙasa yana shanye jan haske, wato ganye, alamar nan da aka gane gawonmu da ita. Alamar da ta nuna akwai masu hankali kuwa guda ɗaya ce tak, muryoyin rediyo da ke tashi daga ƙasa. Mu ma'aikatan rediyo ba mu rasa abin alfahari ba.

A 2022 yawan duniyoyin da aka gano suna kewaya wasu taurari ya haura 5,000. Babban madubin hangen nesa mai suna James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, yana tace hasken wasunsu domin sanin irin iskar da ke kewaye da su. Har yanzu dai babu inda aka tabbatar da rai. Nijar ma ta shiga wannan zance ta wata ƙofa: a watan Nuwamba na 2023 an tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a jihar Agadas, wanda masana suka tabbatar ɓalli ne daga duniyar Mas. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a birnin Niyok a kan dala miliyan 5.3, kusan sefa miliyar 3, kuma gwamnati ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasa.

Inda hoto ya tsaya

Ƴan kasuwar hatsi ya kamata su san cewa wannan ido yana shafar cinikinsu kai tsaye. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, da irin waɗannan hotuna take bin ruwan sama da tashin shuka da yawan ciyawa a ƙasashen Sahel. Tun kafin a yi girbi a Wacha ko Dogo-Dogo, akwai waɗanda suka riga suka kimanta yawan damman da za a ɗaure. Da wannan kimantawa gwamnati da ƙungiyoyin agaji ke yanke shawarar sayen hatsi ko fito da shi a farashi mai rahusa, kuma duk wanda ya tara buhuna a sito yana jiran bazara ya san abin da hakan ke yi wa jarinsa.

Amma 2005 ta nuna iyakar hoto. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a arewa, duk da haka hatsin da aka samu a ƙasar bai gaza na shekaru biyar da suka gabata ba sai da wajen kashi 11 cikin ɗari. A takarda abin bai kai na tashin hankali ba. A kasuwa kuwa, farashi ya tashi a Najeriya, hatsin da ya saba shigowa ya daina, namu ma ya riƙa tsallakawa, buhun hatsi ya doshi jikka 30 a wasu kasuwanni. Yaran da suka fi galabaita a jihohin Maradi da Damagaram suke, inda aka fi noma. Tauraro ya ga kore, bai ga cewa magidanci ya sayar da hatsinsa tun kaka domin biyan bashi ba. Wannan labarin yana bakin mai awo da tiya, shi ya sa ma'aikatan da ke zagaya kasuwanni suna rubuta farashi ba su da madadi. A waccan shekarar kuma, gidajen da ke da itatuwa a gona sun sami abin kamawa: a sassabe reshe a kai kasuwa, a tara ƴaƴan gawo a sayar wa masu kiwo, mata su sayar da ganyen kuka su auno hatsi.

Saura batun mallaka, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci yanzu. Da can doka ta ɗauki ice a matsayin na gwamnati, manomi na tsoron tarar ma'aikatan gandun daji ko da a gonarsa ne, saboda haka bai ga dalilin rainon abin da ba nasa ba. Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, sannan a watan Yuli na 2020 aka sa hannu a kan wata doka ta musamman game da sassaben zamani, wadda ta amince manomi na da haƙƙi a kan itatuwan da ya raina. Mai sayen itace ko gawayi ya kamata ya tambayi inda kaya suka fito. Reshen da mai gona ya sassabe da hannunsa daban, gawon da aka kayar da dare daban, kuma jama'a na ƙaruwa a Magariya da Dungas, buƙatar itacen girki na ƙaruwa tare da su.

Ƙirgar ma ta ƙara kaifi. A 2023 masana na hukumar sararin samaniya ta Amurka da jami'ar Kwapanhegan suka sa kwamfuta ta bi hotunan da ke ganin abu mai faɗin rabin mita, ta ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya daga gaɓar tekun Atilantika zuwa Bahar Maliya. Ta sami miliyar 9.9, har da kimanta yawan gurɓatacciyar iskar da suka tsotse suka adana a jikinsu. Akwai kamfanoni a ƙasashen waje da ke biyan kuɗi a kan irin wannan adanawa. Duk ranar da wani ya iso garinku da takardar yarjejeniya a kan itatuwan gonaki, to ya riga ya san yawansu. Mai gari da manoma su ma su nemi a nuna musu hoton da lissafin kafin kowa ya dangwala hannu. Hotunan Landsat kyauta ne tun 2008, kuma yaron da ke da babbar waya zai iya buɗe Google Earth ya nemo gonar gidansu ya ƙirga gawon da ke ciki.