Filash Ɗaya Ya Ishi Gari: Ɗora Linux a Kwamfutocin Tambuwal da Kebbe

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, da 'yan uwanmu na Kebbe da Kuchi, domin a yankinku shirin namu na yau zai yada zango. Magana ce ta kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof, musamman irin ta hannu da ɗalibai da malaman makaranta da masu shagon buga takardu ke saye da gumin goshinsu.

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, sai fa ga wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Ita kuwa Windows 11 ta zo da sharuɗɗa: tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma injin sarrafawa, in na Intel ne, ya kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. To, ku dubi kwamfutocin da ke hannun jama'armu. HP EliteBook ne, da Dell Latitude, da ThinkPad, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka biyo ta Legas ko Kwatano har suka iso nan. Da yawansu sun girmi wannan sharaɗi. Ƙarfensu kuwa lafiya lau yake, madannansu na aiki, allonsu garau.

Abin da aka saba yi, kowa ya sani. A kai wa mai gyara, ya yi fomatin, ya ɗora Windows ta bayan fage wadda ba a biya lasisinta ba. Bayan 'yan watanni kwamfuta ta fara jan ƙafa. Ka kai filash ɗinka shago a buga maka takarda, ka dawo gida ka tarar bairos ya mayar da takardunka 'yan alamomin da ba sa buɗuwa. Duk ɗalibin da ya taɓa rasa furojet ɗinsa ta wannan hanya ya san zafin abin.

Akwai wata hanya, sunanta Linux. Tarihinta a taƙaice: a 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara aikin GNU don samar da manhajar da kowa ke da 'yancin kwafa da gyarawa. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finlan, ya rubuta ƙashin bayan manhajar, aka haɗa biyun suka zama babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. In wayarka Android ce, to a kan wannan ƙashin baya take tafiya, ka ga ashe Linux ta daɗe a aljihunka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lasisinta. Lasisin ya yarje maka ka kwafa, ka ba maƙwabcinka, ka gyara, ka raba gyaran. Ina ganin mutanen wannan yanki sun fi kowa saurin fahimtar haka. Nan ne fa Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya riƙe ribaɗin Tambuwal. Littattafan Shehu da na Malam Abdullahi da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yaya suka karaɗe ƙasa? Almajiri ne zai ari na malaminsa, ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe, ya mayar, wani ya ari nasa, wani malamin ya ƙara sharhi a gefe. Ba wanda ya kira mai kwafa ɓarawo, lada ma ake sa ran ya samu. Haka Linux take. Kwafarta halas ce, ba a ɓoye ake yi ba.

(Kiɗa kaɗan)

Ga wani labari da nake so matasanmu su ji. A watan Oktoban 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da wani nau'in Linux mai suna Ubuntu. Wannan bawan Allah ya sayar da kamfaninsa a 1999, ya yi kuɗi na ban mamaki, har a 2002 ya biya aka tafi da shi tashar sararin samaniya cikin kumbon Rasha. Da ya kafa kamfanin Canonical, sai ya lura cewa a ƙasashe irin namu sauke babbar manhaja daga intanet ya fi ƙarfin talaka. Sai suka buɗe wani shiri mai suna ShipIt. Ka shiga shagon intanet, ka rubuta sunanka da adireshinka, su kuwa su aiko maka da faifan sidi ta gidan waya. Kyauta. Kuɗin faifai kyauta, kuɗin aikowa kyauta, duk inda kake a duniya. Ku auna wannan: yaro a Sakkwato ya rubuta lambar akwatin gidan waya na makarantarsu, bayan wasu makonni ambulan ya iso daga ƙetare da cikakkiyar manhajar kwamfuta a ciki, kuma an ce masa ya ba duk wanda ya ga dama. Sai a 2011 aka rufe shirin.

Najeriya ma ta taɓa shiga bakin duniya a kan wannan batu. A 2007 aka gwada ƙananan kwamfutocin yara masu launin kore na shirin One Laptop per Child a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, kuma Linux ce a cikinsu. A wannan shekarar dai kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux ɗinsa a kan kwamfutoci 17,000 na makarantun Najeriya, sai labari ya fito cewa za a goge a ɗora Windows. Shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya fusata har ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer. Manyan kamfanonin duniya sun yi ja-in-ja a kan abin da yaranmu za su gani in sun kunna kwamfuta, mu kuwa da yawanmu ko labarin ba mu ji ba.

To, mu zo ga aiki. Mu ɗauka wani malamin makaranta ne ya taso daga Kuchi da tsohuwar HP ɗinsa a jaka, ya iso teburin wani matashi mai gyara a bakin titin Tambuwal. Tambayar farko da ta kamata yaron nan ya yi ita ce: “Malam, akwai abin da kake buƙata a ciki?” Malam zai ce, “Ai ɗana, sakamakon jarrabawar yara ne, da hotunan iyali.” To a nan a tsaya. A kwashe komai a zuba a wani filash ko faifan ajiya na waje, a buɗe a tabbatar sun kwafu. Ina maimaitawa, a kwashe komai tukuna. Abin da aka goge wajen ɗora sabuwar manhaja da wuya ya dawo.

Sai zaɓen nau'i. Nau'o'in Linux suna da yawa, amma ga wanda ya saba da Windows, ni dai Linux Mint nake ba da shawara, domin fasalinta bai yi nisa da abin da ido ya saba gani ba. In kwamfutar mai ƙaramin ƙarfi ce, ram ɗinta gigabait 2 ko 4, a ɗauki Mint mai fuskar Xfce, ko Lubuntu. Fayil ɗin Mint ya kusa gigabait 3. Wannan shi ne babban cikas a wurinmu, data da ƙarfin sabis. Amma ku saurara da kyau: sau ɗaya ake saukewa. Wanda ya je Sakkwato, ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya samu intanet mai ƙarfi, ya sauke daga shafin Mint na ainihi, ya yi amfani da ƙaramar manhajar Rufus ko Ventoy ya shirya filash mai gigabait 8. Filash ɗin nan guda ɗaya zai iya ɗora wa kwamfuta goma, ya ɗora wa ɗari. Daga Tambuwal a ba direba ya kai Kebbe. Ba wanda zai tuhume ka.

Mai gyara ya soka filash, ya kunna kwamfuta. A HP sai ya riƙa danna Esc, sannan F9. A Dell da ThinkPad, F12. Jerin zaɓi zai fito, ya zaɓi filash. In ta ƙi tashi, sai a shiga saitin BIOS a duba wani abu mai suna Secure Boot, wani lokaci sai an kashe shi.

Yanzu ga wurin da na fi so. Linux za ta tashi daga kan filash ɗin ba tare da ta taɓa komai a cikin kwamfutar ba. Windows ɗin Malam tana nan daram. Sai yaron ya juyo da allo ya ce, “Malam, bismilla, taɓa ka gani.” Malam ya gyara tabarau, ya buɗe wurin rubutu, ya buga sunan makarantarsu. A gwada sauti. A gwada kyamara. A danna maɓallin ƙara haske da ragewa. A duba ko tana ganin Wi-Fi. In akwai firinta, a jona a gani. In wani abu bai yi wa Malam ba, a zare filash, ya ɗauki kwamfutarsa yadda ya kawo ta. Kada kowa ya tsallake wannan gwaji don gaggawa.

In ya gamsu, sai a danna alamar ɗorawa. Amma kafin nan a dubi wuta. Yawancin kwamfutocin hannu batirinsu ya gaji, wasu minti kaɗan suke riƙewa. In aka ɗauke wuta ana tsaka da ɗorawa, sai a wayi gari babu tsohuwa babu sabuwa. A jona da sola ko a tayar da janareta, aikin bai cika wuce rabin sa'a ba.

Wajen ɗorawa, Linux za ta yi tambayoyi kaɗan. Babbar cikinsu: a goge komai ne, ko a zaunar da Linux gefen Windows, ta yadda duk lokacin kunnawa mutum zai zaɓi wadda yake so? Ga sabon shiga, zama gefe da gefe ya fi kwanciyar hankali, in akwai wuri a faifan. Taswirar duniya za ta fito, a zaɓi Legas don agogo ya daidaita. Sai suna da kalmar sirri. Malam, kai za ka buga kalmar sirrinka da hannunka, kuma ka riƙe ta, domin duk lokacin da za a saka sabuwar manhaja sai ta nema.

(Kiɗa kaɗan)

An ɗora, saura saiti. Matsalar da aka fi cin karo da ita Wi-Fi ce, musamman a tsofaffin HP da Dell masu katin Broadcom. Kada hankali ya tashi. A jona waya da kebul, a kunna raba intanet ta USB, sannan a buɗe Driver Manager, ita za ta nemo abin da ya dace. Bayan nan a sabunta manhajoji. Wani abin jin daɗi, Mint ba ta sauke sabuntawa a ɓoye ta cinye maka data, sai ka ba ta izini. A kuma kunna Timeshift, wadda ke adana hoton tsarin kwamfutar, in wani abu ya lalace a koma baya.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya, yana nan tun asali, ba sai an saya ba. Da shi za ka buga ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa, takardarka ta fito da Hausa ingantacciya. Malaman Islamiyya su ƙara tsarin Larabci, manhajar LibreOffice na rubutu daga dama zuwa hagu. Ita LibreOffice tana zuwa ne tare da Mint, tana buɗe takardun Word da Excel. Inda sabis ke wahala kuwa, kamar wasu ƙauyukan Kebbe, a saka Kiwix, a sauke Wikipedia ta Hausa sau ɗaya, yara su riƙa karantawa babu intanet.

Agogo ya fara hararata, amma ba zan rufe ba sai na faɗi inda gizo ke saƙa. CorelDraw da Photoshop ba su da na Linux. Mai shagon da ke cin abinci da katin biki da kalanda, kada ya goge Windows ɗinsa, ya fara koyon Inkscape da GIMP a gefe tukuna. Takardar Word mai ado da yawa kan ɗan goce a LibreOffice, don haka in za ka kai bugu, mayar da ita PDF. Wasu manhajojin atisayen JAMB don Windows kaɗai aka yi su, ɗalibi ya bincika kafin ya yanke shawara. Kuma Linux ba ta gyara fankar da ƙurar hunturu ta toshe, ga zafin bazararmu da ke haura digiri 40. A buɗe a share. Mai hali ya sauya tsohon faifan ajiya da SSD, zai ga bambanci nan take.

Kirana ga matasa masu gyaran kwamfuta da waya a Tambuwal da Kebbe, da malaman da ke kula da ɗakunan kwamfuta a makarantunmu: kowa ya tanadi filash ɗaya na Linux a aljihun teburinsa, ya fara gwadawa a kan kwamfutar da aka jingine. Mint 22 tana da tallafin tsaro har zuwa 2029, kuma ko sisi ba za a nema a wurinku ba. Wanda ya iya ya koya wa na kusa da shi.