Rariyar da Ba a Gani: Yadda Na'ura Ke Zaɓar Maganar da Za a Ji a Intanet

A Kunci da ƙauyukanta da ke arewacin Jihar Kano, idan kaka ta yi aka sussuke gero, mata kan yi shiƙa, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zauna. Bayan daka kuma sai a tankaɗe da rariya. Kowa ya san mai tankaɗen da abin da take son ta fitar. To amma wayar salula da ke hannun ɗalibin sakandare a wannan yanki tana ɗauke da wata rariyar daban, wadda ke tace labari kafin ya iso gare shi, ba tare da ya ga mai riƙe da ita ba. Masana suna kiranta algoridim.

Asali da Ma'ana

Kalmar ta samo asali daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, masanin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Ma'anarta ita ce jerin matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya don warware wata matsala. A shafuka irin su Facebook da TikTok da YouTube, matsalar ita ce yawan saƙonni: ana ɗora miliyoyi a kullum, alhali fuskar waya ba ta ɗaukar fiye da ɗaya ko biyu a lokaci guda. Saboda haka kwamfuta ke ba kowane saƙo maki. Takan duba wanda ya aiko shi, da yawan waɗanda suka yi sharhi a kansa ko suka tura shi gaba, da tsawon lokacin da ido ya tsaya a kai. Mai maki da yawa shi ke hawa sama, saura su nutse.

Dalilin wannan tsari kasuwanci ne. Kamfanonin da talla suke samun kuɗi, kuma gwargwadon daɗewar mutum a shafi, gwargwadon tallan da zai gani.

Abin da Ke Yaɗuwa

Ɗalibin ilimin halittu zai tuna da darasin zaɓin yanayi: halittar da ta fi dacewa da muhallinta ita ke hayayyafa, ko da ciyawa ce irin ƙuduji mai kashe gero. Haka saƙo yake. Wanda ya fi tsinka zuciya ko tunzura ta shi ya fi bazuwa, gaskiya ne ko ƙarya. A 2018 mujallar Science ta buga binciken masana daga cibiyar MIT ta Amurka, waɗanda suka bi diddigin labarai kimanin 126,000 a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Sun gano cewa labarin gaskiya kan ɗauki kusan ninki 6 na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500. Takardun cikin gida na Facebook, waɗanda tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fallasa a 2021, sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya taɓa ba alamar fushi maki 5, ta yabo kuwa maki 1.

Nijeriya ta ɗanɗana kuɗar wannan. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon da ke cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha ya game ƙasa cikin dare guda. An rasa rayuka, wasu kuma suka kwanta asibiti.

Masu Tsaron Ƙofa

Don magance irin wannan, kamfanonin suna tace saƙonni ta hanya uku: su goge saƙo, ko su rufe shafin mai shi, ko su rage yawan masu ganinsa ba tare da ya sani ba. Aikin ya yi kama da na garkuwar jiki. Idan ta yi rauni, cuta ta samu ƙofa. Idan ta wuce gona da iri, sai ta far wa jikin da take karewa.

Ga mai jin Hausa matsalar ta fi tsanani, domin na'urar tana koyon harshe ne daga tarin rubutu, kuma na Hausa kaɗan ne idan aka kwatanta da na Ingilishi. Alal misali, kalmar “kashe” tana cikin kashe kuɗi da kashe fitila da kashe aure da kashe rai. Na'urar da ba ta laƙanci harshen ba tana iya hukunta wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari a matsayin cin zarafi, ta kuma bar habaici mai dafi ya wuce salin-alin. A 2018, binciken BBC kan rikicin Jihar Filato ya nuna cewa an yaɗa tsoffin hotuna daga wasu wurare a Facebook, abin da ya rura wutar ramuwar gayya, kuma a cikin masu tantance labarai 4 da ke aiki a kan Nijeriya a lokacin babu mai jin Hausa.

Hannun Hukuma

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya halatta a yi masa iyaka saboda tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu. Rigimar ita ce wa zai ja layin. A ranar 2 ga Yuni, 2021, Twitter ya goge wani saƙon shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, bisa cewa ya saɓa ƙa'idarsa. Kwana biyu bayan haka gwamnati ta dakatar da shafin, ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairu, 2022. A watan Yuli na wannan shekara Kotun Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa doka. A Nuwamba kuma wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa 2 bulala 20 kowanne, da tara, saboda bidiyon da suka ɗora a TikTok kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje.

Ashe ke nan magana a intanet tana ratsa shinge uku: lissafin na'ura, da ƙa'idar kamfani, da dokar ƙasa. Na ƙarshen kaɗai ake iya kaiwa gaban alƙali cikin sauƙi.

Kammalawa

Malami na iya nuna wa ɗalibansa wannan rariya a aji. Ɗalibai biyu su buɗe shafi iri ɗaya a wayoyi biyu, su rubuta saƙonni 10 na farko da kowa ya gani, sannan a kwatanta. Bambancin zai nuna cewa abin da waya ke kawowa zaɓi ne da aka yi wa mutum bisa abin da ya saba kallo. Wanda ya gane haka zai tambayi tushen labari da ranar da aka ɗauki hoto kafin ya tura wa wani, domin duk turawa maki ne yake ƙara wa saƙon. Hausawa dai sun riga sun faɗa: magana zarar bunu ce.