Fako ya koma gona

Fuskar ƙasar Afirka ta sha sauyawa. Tun kafin a yi mutane, teku ne ya rufe ƙasar Adar. Shaida tana nan a Malbaza: cikin farin dutsen da ake yin siminti da shi, ana samun ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse. Wajen shekara 8000 da suka wuce kuma, Sahara kanta tana da tafkuna da ciyawa, raƙuman dawa suna kiwo. Daga baya ruwan sama ya ragu, wuri ya bushe. Wannan sauyi ba mutum ya kawo shi ba.

Amma akwai sauyin da hannun mutum yake ciki. A da, daji ya rufe tuddan Illela da na Birnin Ƙonni. In gona ta gaji, sai manomi ya bar ta ta huta. Da mutane suka yi yawa, aka daina barin saura. Aka sare itatuwa don girki da gini, dabbobi suka cinye tsiro. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara ɓarna.

Ƙasar da ba ta da sutura ba ta shan ruwa. Bayanta yakan yi tauri, ta zama fako. In an yi ruwa, sai ya gudu, ya kwashe ƙasa mai kyau ya zuba cikin kwari. A kwarin Majiya, wannan laka ce take cike madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda suke shayar da gonakin rani na Ƙonni.

A shekara ta 1989, waɗansu manoman Illela suka ziyarci Yatenga, a ƙasar Burkina Faso. Can suka ga yadda ake rayar da fako da ƙananan ramu. Da suka komo gida, suka gwada. Ana kiran ramun nan tassa.

Da rani ake gina tassa. Faɗinta kamar taƙi ɗaya ne. Ana tara ƙasar da aka fidda a gefen gangare, don ta tare ruwa. Sa'an nan a zuba taki cikin ramin. Gara tana zuwa cin taki, tana huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. In damina ta faɗi, sai a shuka hatsi a ciki.

Aikin da wuya, amma ya biya. Wajen Badagishiri, fakon da ba mai so ya ba da hatsi, har mutane suka riƙa sayensa da kuɗi. Gawo da kalgo suka sake tsira cikin gonaki. Hannun da ya kashe ƙasa, shi ne ya rayar da ita.

Tambayoyi
1. Me yake maida gona fako?
2. Wane amfani gara take yi wa tassa?