Ƙoƙon gwiwa da gwiwar ƙarfe

Mutumin Dawce, a yankin Matameye, a ƙasa yake rayuwarsa. A duƙe ake noman gero da gyaɗa, a tsugune uwargida take hura murhu, a kan tabarma ake cin tuwo, ga sujada sau biyar a yini. Duk wahalar nan a kan ɗan ƙashi guda take sauka, wato ƙoƙon gwiwa.

Ƙoƙon yana zaune ne cikin jijiyar da ta sauko daga naman cinya zuwa ƙashin ƙwauri. Yana zamewa sama da ƙasa cikin wani kwari a ƙarshen ƙashin cinya, kamar igiyar guga a gurbin da ta ci a icen bakin rijiya. Aikinsa ƙara wa cinya ƙarfin miƙe ƙafa. In ana tafiya, matsin da yake sha kusan rabin nauyin jiki ne, amma a tsuguno yakan kai ninki 7. Shi ya sa guringuntsin bayansa ya fi na ko'ina kauri a jikin ɗan Adam.

Idan guringuntsin gwiwa ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi, magani da motsa jiki sun gaza, likita kan kawo maganar sauya gwiwa: a share bakin ƙasusuwan a sa musu ƙarfe, a shimfiɗa roba mai tauri a tsakani. Irin ta zamani ta kankama ne a 1974 a birnin New York na Amurka, a hannun John Insall da abokan aikinsa. Yau ana yin aikin a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda mutanen yankin Matameye ke iya zuwa ta hanyar Daura.

Aikin yana raba mutane da yawa da ciwo, sai dai ƙoƙon ne yakan kawo cikas. In ƙarfen ya ɗan karkace, ƙoƙon sai ya bar hanyarsa ya riƙa jan gefe, gaban gwiwa ya yi ta zogi. Wani lokaci ma yakan tsage. Kusan mutum 1 cikin 5 ba ya samun cikakkiyar gamsuwa. Kuma gwiwar ƙarfe, wadda aka ƙera don masu zaman kujera, galibi ba ta lanƙwasuwa yadda zaman tahiya da tsuguno a masai suke buƙata. Wannan ya kamata majiyyaci ya tambayi likita tun kafin a sayar da sa ko a jinginar da gona.

Mafi muni shi ne ƙwayar cuta ta shiga, domin in ta manne wa ƙarfe, sau da yawa sai an sake buɗewa an cire shi. Mai ciwon suga ya fi shiga haɗari. Gwiwar da aka sauya ba ta wanzami ba ce, ba ta mai ɗori ba: babu ƙaho, babu tsaga, babu sakiya. In ta kumbura ta yi zafi, ko ɗinkin ya fara ruwa, a nufi babban asibitin Damagaram a ranar.